Baƙon da Ya Roƙi Gaggafar Ata

Idan aka ba namiji damar roƙon abu ɗaya tak a gidanku, ya tsallake ki ya roƙi abin da ke kike kuka a kansa, son ki ya yi ko barin ki ya yi? Na juya tambayar nan ta kowace fuska ban samo mata amsa ba. Bari in ba ku labarin yadda aka yi, wataƙila a cikinku akwai wanda ya fi ni hangen nesa.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Moldir. Ina koyar da 'yan aji biyu a makarantar ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Kegen. Ni ce 'yar fari a wajen iyayena, don haka bisa al'adarmu tun kafin in yi haƙori aka miƙa ni ga kakannina. Kakana Ata da kakata Apa su ne uba da uwa a wajena. Ranakun da ba makaranta nakan hau motar haya zuwa cibiyar jinyar tsuntsaye da ke kan hanyar Almaty, inda nake aikin sa-kai. In wanke keji, in yanka nama, in naɗe shaho ko mujiya a tawul in riƙe, Raushan apai, wato Anti Raushan, likitar wurin, tana ɗinki.

Ba ni da bakin gode wa matar nan. Ita ta koya mini cewa tsuntsun da ka yi jinya ba ya gode maka. Ranar da ya warke ranar ya fi tsanarka, kuma tsanar nan ita ce shaidar aikinka ya yi kyau. Dokarta ɗaya ce, ba ta lanƙwasuwa: duk tsuntsun da ya shigo cibiya, idan ya warke daji zai koma. Ba ya komawa hannun mutum, ko waye shi.

A can na haɗu da Dauren. Makanikin manyan motoci ne. Wata rana ya shigo da mujiya ƙunshe a rigar sanyinsa, ya miƙe hannuwa da ita nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da garwashi. Gilashin motarsa ta buga. Ya ce, "Ƙanwata, don Allah karɓi abin nan kafin ta cire mini ido." Mujiyar ta warke, muka sake ta. Dauren bai fasa zuwa tambayar lafiyarta ba, har Raushan apai ta ce masa idan mujiyar ta aiko da saƙo za a sanar da shi, amma tunda ya zo ga injin sanyaya nama can ya lalace.

Shi ke nan a kan Dauren. Saura Boran.

Boran gaggafar Ata ce. Ina firamare ya ɗauko ta daga sheƙa a kan dutse, ya yi ta zama da ita yana yi mata waƙa har ta san muryarsa. Duk yanyawar da fatarta ke rataye a ɗakinmu ita ta kamo. A ƙa'idar masu farauta da gaggafa, idan tsuntsuwa ta yi maka shekara goma sai ka hau da ita dutse, ka yanka mata rago, ka cire mata hular rufe ido, ka sake ta, ka juyo gida ba waiwaye. Lokacin Boran ya wuce tuntuni. Kowace bazara Ata sai ya ce baɗi. Apa ta taɓa ce mini, tana murza kwaɓin fulawa, "Ki ƙyale shi. Ya san ba zai sake hawa dutse ya ɗauko wata ba. Ranar da ya sake ta, ranar zai zama tsohon da nake kiransa."

Da dusar ƙanƙara ta fara zuba bana, Ata da Boran suka fita farauta. Boran ta sauko kan yanyawa, ba ta ga sabuwar wayar shingen da wani ya ja a kwarin ba, ta buge ta, fiffike ya karye. Ata ya dawo da ita rungume a ƙirji, doki na biye da shi.

Ya ɗora fiffiken da kansa. Tsinken itace biyu, kitsen wutsiyar rago, tsumma mai tsabta. Kwanakin farko ban ce komai ba, don hannun Ata ya ɗora ƙafar doki da ta ɗan maraƙi a gabana sun warke. Amma wata safiya na shiga rumfar da take, na ji wani wari da na sani daga cibiya. Na ɗaga tsumman.

"Ata, ƙashin ya huda fata. Mugunya ta taru. Wannan ba aikin kitse ba ne."

Yana zaune kan gungume yana gyaran linzami, bai ɗago ba. "Kafin a haifi likitarku da me ake ɗora fiffike?"

"Wasu suna warkewa, wasu suna mutuwa."

"A wajenku ba sa mutuwa?"

"Suna mutuwa, Ata. Amma ba a tsaye ana kallon su ba."

Ya ajiye linzamin. "To. In ta warke za su dawo mini da ita?"

Da na iya ƙarya da a nan zan yi ta.

Ya ce, "Gidan marayu ne wurin nan naku, Moldir-jan. Boran ubanta na raye. Ƙafata ba za ta taka can ba, ita ma ba za ta je ba. Je ki taya tsohuwa aiki."

Aikin kuwa akwai shi, don a Asabar ɗin makon ne Dauren zai shiga gidanmu karon farko ya gaida Ata. Apa ta yi wata guda tana shiri. Ta fitar da katifun auduga masu rufin karan-miski daga akwati, ta wanke kwanukan shayin da ba a taɓa su sai babban baƙo. Kullum kuma maganarta ɗaya.

"Sa'o'inki sun haifi na biyu, ke kina can kina yanka ɓeraye. Dubi hannuwanki, kamar kin yi dambe da ƙaya. Doguwar rigar nan kore za ki sa, mai hannu har wuyan hannu. Kuma saurara. Idan aka gama ci, tsoho zai tambaye shi buyimtai."

Wannan kowa ya san shi. Mai gida ba ya sallamar baƙon da ya fara taka gidansa sai ya tambaye shi buƙatarsa, kuma abin da baƙo ya ambata, in dai yana cikin gidan, ba a hana shi.

"Ki gaya masa ya ce iyayensa na neman izinin zuwa su sa miki 'yan kunnen baiko. Haka kawai. Kada ya yi dogon bayani, tsoho ba ya son surutu. Ke kuma in na ji kalmar fiffike a bakinki ranar nan, da ludayi zan rufe miki shi."

Ranar Laraba Boran ta daina juyo da kai idan an buɗe ƙofa. Na zauna a bayan rumfar da waya a hannu.

Na rubuta wa Dauren: "Jibi Ata zai tafi masallacin Juma'a. Ka zo da mota. Mu ɗauke ta."

Ya amsa: "Mu sace ta kenan."

"Mu cece ta."

"Moldir, gidan da zan shiga Asabar neman aure, in shige shi Juma'a da sata?"

"Idan ta kai wani makon a haka mutuwa za ta yi."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake. Can sai ga shi: "Ba zan iya ba. Ki yi haƙuri."

'Yan uwa, ku san irin mutumin da ke ba ku labari. Na rubuta masa: "Ashe mujiyar ma don ka same ni ka kawo ta." Na kashe wayar.

Asabar da hantsi ya iso. Ya sa baƙar kwat da ta ɗan matse shi a kafaɗa, ya yi aski, ya goge baƙin man da ke ƙarƙashin faratansa har fatar ta yi ja. Ya kawo wa Apa farin mayafi da akwatin alewa, ya kama hannun Ata da hannu biyu. Ni ina gefen tukunyar shayi cikin koren rigata, da falmaran ɗin da Apa ta yi wa aikin zaren azurfa tun tana amarya, gashina a kitse ɗaya. Ban kalle shi ba. Ina dai zuba masa shayi kaɗan-kaɗan a gindin kwano, yadda ake yi wa baƙon da ba a so ya tashi, don idon Apa na kaina.

An kawo naman da taliya mai faɗi a babban faranti, sai kan rago a gaban Ata. Ya yanko kunne ya miƙa wa Dauren.

"Karɓi, yaro. Don ka riƙa jin maganar manya."

"Na gode, Ata."

"An ce makaniki ne kai. Doki fa, ka iya hawa?"

"Na iya faɗowa dai."

Ata ya yi dariyar da rabona da jin ta tun ranar shingen nan. Apa ta dube ni ta gefen ido, fuskarta kamar an yi mata albishir da Makka. Suka yi hirar farashin ciyawa, da dangin Dauren na wajen Narinkol, har Ata ya gano ya taɓa kwana gidan ƙanin kakansa. Komai yana tafiya yadda Apa ta shimfiɗa shi. Ni kuwa kunnena na rumfa, inda ba motsin komai.

Da aka shafa addu'a, Ata ya goge wuƙarsa ya mayar kube, ya gyara zama.

"To, ɗana. Ka ci gishirin gidan nan. Mece ce buƙatarka?"

Apa ta gyara ɗaurin kallabinta. Dauren ya ajiye kwanon shayi a hankali, ya ɗora hannu a ƙirji.

"Ata, gaggafarka nake roƙo."

Na ci gaba da riƙe butar a sama, ban san na daina zubawa ba.

Apa ce ta fara samun baki. "Tsoho, tuntuɓen harshe yaron ya yi. Ɗana, sake faɗa da ƙarfi, kunnensa ba ya ji sosai."

"Kunnena garau yake, tsohuwa." Ata bai ɗauke ido daga kan Dauren ba. "Yaro, ka san abin da ka roƙa?"

"Na sani."

"Kai da ba ka iya zama kan doki ba, me za ka yi da gaggafa?"

"Asibiti zan kai ta."

"Wa ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni. Wadda kake zargi ma fushi take da ni."

Ata ya daɗe yana shafa gemu. Da ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba, kuma na fi tsoron hakan. "Baƙo ɗaya, buƙata ɗaya. Ubana bai taɓa ba wa baƙo buƙata biyu ba, ni ma ba zan fara ba. Na san abin da tsohuwar nan ta yi wata guda tana wanke kwanuka dominsa. Ina sake tambayarka, don kada gobe a ce na yi wa yaro wayo. Wace ce buƙatarka?"

Na so Dauren ya kalle ni. Har yau ban san me idona zai gaya masa ba da ya kalla. Bai kalla ba. Tabarmar cin abinci ya zuba wa ido.

"Gaggafar ce, Ata."

"Moldir," in ji Ata, "cika wa baƙo shayinsa."

Na cika kwanon har baki. Dauren ya san ma'anarsa: sallama ce. Ya shanye, ya miƙe.

Ata da kansa ya shiga rumfar. Ya sa mata hular fatar da ke rufe mata ido, ya naɗe ta a bargon gashin raƙumi, ya fito da ita. Na riga na shiga bayan motar da koren rigata, ban ko canza takalmi ba. Ya ɗora mini ita a cinya, ya gyara gefen bargon da ya zame, bai dube ni ba. Sannan ya juya ga Dauren.

"Abin da ka zo nema gidan nan ka samu. Allah ya kiyaye hanya."

Muka kama hanyar cibiya a motar Dauren. Ina jin bugun zuciyar Boran ta cikin bargo, sauri-sauri, ga zafin jikinta kamar an ɗora mini dutsen da ya kwana a murhu.

Na ce, "Me ka yi haka?"

"Ke kika ce ba za ta kai wani makon ba."

"Ban ce ka ba da ni a madadinta ba."

"Ban dai sata ba."

"Ka san Ata. Ba ya mayar da magana."

"Shi ya sa na san zai bayar." Ya kauce wa wani rami a hankali, yana duban madubi don ya ga ko ta girgiza. "Ke kina iya jira, Moldir. Ita ba ta iyawa."

"Wa ya ce maka zan jira?"

"Ba wanda ya ce."

Raushan apai ta bar baƙi a gidanta ta zo. Ta buɗe tsumman, ta ja numfashi, ba ta zagi kowa ba. Ta ce ɗorin ma ya hana ƙashin ƙara gocewa, ciwon ne ya fi ƙarfin kitse. Ta yi aiki har rana ta faɗi, ta wanke mugunyar, ta sa siririn ƙarfe a cikin ƙashin. Wasu 'yan sa-kai biyu da ba ranar aikinsu ba ce suka zo suka riƙe fitila. Dauren ya zauna a waje kan tsohuwar taya cikin kwat ɗinsa mai matse kafaɗa. Da na fito na ce masa an gama, sai ya gyaɗa kai, ya ce zai kai ni tasha, don bai dace a ga motarsa a ƙofar gidanmu ba.

Na ɗauka an tsallake. Zazzaɓin ya sauka, ciwon ya fara bushewa. Amma Boran ta ƙi ci.

Mun ba ta naman kaza, mun ba ta ɓera da ɗuminsa. Ta kawar da kai. Tsuntsun daji idan yunwa ta ci shi yakan haƙura ya ci, amma Boran tun tana 'yar tsako ba ta taɓa karɓar loma ba sai daga hannu ɗaya, bayan kira ɗaya. Na gwada kwaikwayon kiran Ata. Ta juyo, ta dube ni da idon nan nata ruwan zuma, ta mayar da kai bango. Na nemo wani tsohon bidiyo a wayata inda Ata ke kiranta a kan dutse, na kunna. Wannan kuskure ne. Ta zabura tana neman sa, ta buga fiffiken a jikin katako, sai da muka danne ta.

Muka koma yi mata ɗura. Raushan apai ta ce, "Moldir, kowace ɗura sai mun kama ta, kowane kamu ƙarfen nan yana motsi. Ba zan iya yin haka har ƙashin ya haɗe ba. Ko ta ci da kanta, ko mu rasa fiffiken. Gaggafa kuma ba ta rayuwa a ƙasa kamar kaza."

A gida ma ba a ci. Ata yakan zauna gaban faranti ya juya cokali, ya ce ya ƙoshi. Da safe ya fita ya tsaya bakin rumfar, ya dawo. Apa ta daina yi mini magana, sai dai ta gaya wa kyanwarmu ina ji. "Gaya wa wasu mutane sun kori miji, sun kwantar da tsoho, saura ni."

Na sami Ata a wajen doki, na durƙusa.

"Ata, ba ta ci. Muryarka take jira."

"Abin da na bayar ba nawa ba ne. Je ki gaya wa mai ita."

"Mai ita tsoronta yake ji."

"Da ya yi tunanin wannan kafin ya buɗe baki." Ya ci gaba da taje gashin dokin. "Na gaya miki ƙafata ba za ta taka wurin nan ba. Kina so a ce ni Kabilbek na ba baƙo kyauta, na bi ta a baya ina leƙe?"

Na tashi. A ƙofar kicin Apa ta tare ni, hannunta duk fulawa. Ta manta da kyanwa.

"Da gaske ba ta ci?"

"Da gaske, Apa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Ta dubi bayan Ata ta taga, yadda rigar ta fara yi masa yawa. Ta ce, "Hm." Ta koma kan fulawarta.

Kowace safiya saƙon Dauren ɗaya ne: "Ta ci?" Ni kuma: "A'a." Sau da yawa na rubuta "na gode" in goge. Ku fahimce ni, ba girman kai ba ne. Ina ganin idan na gode masa, na yarda da cinikin kenan, na yarda daidai ne a ajiye ni a ɗauki tsuntsuwa. Idan kuma ban gode ba, to me nake so ya yi? Ni na roƙe shi sata, ya ƙi ya zama ɓarawo, ya biya da abin da ya fi so, a gaban kowa, da rana tsaka. Wani lokaci ina ganin ba a taɓa so na kamar haka ba. Wani lokaci kuma in ce ai bai tambaye ni ba kafin ya kashe abin da na mu biyu ne. Duk biyun gaskiya ne, kuma sun ƙi zama a ɗaki ɗaya.

Ranar Lahadin makon da ya biyo baya da hantsi ina cibiya. Na ɗaure gashi, na sa rigar leda, ina haɗa ruwan naman da za mu yi ɗura da shi. Boran ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito kamar bakin wuƙa. Raushan apai na gefe tana wanke hannu.

Sai na ji ƙarar motar da na sani.

Na leƙa. Dauren ya zagayo ya buɗe ƙofar baya. Apa ce ta fara fitowa, da sabon farin mayafin nan a kanta, da jakar fanke a hannu.

"Nan ne?" in ji ta. "Nan ne inda ake lalata mini hannun jika? Moldir, zo ki nuna mini ɓerayen, in gani da idona kafin in mutu." Ta sunkuya ta leƙa cikin motar. "Tsoho, fito mana. Ko sai an kawo maka tsani?"

Ata ya fito a hankali, da hular fatar yanyawa da doguwar rigar sanyinsa ta zuwa masallaci. Ya dubi sama, ya dubi duwatsu, ya dubi ko'ina ban da ni.

"Tsohuwar nan na rako," ya ce. "Ta kira yaron mutane a waya ba da sanina ba, ta ce za ta yi tafiya. Ba zan bar ta ta hau hanya ita kaɗai da baƙo ba."

"Shekara hamsin bai taɓa raka ni ko kasuwa ba," in ji Apa. Ta danƙa mini jakar fanken, ta matse mini yatsu da ƙarfi. Na so in rungume ta, ta ture ni. "Warin nama kike."

Raushan apai ta fito tana goge hannu, ta ɗora hannu a ƙirji ta gaida shi. "Sannu da zuwa, Ata. Baƙuwarmu na ɗakin ƙarshe, in kana son gaisawa."

"Ni rakiya na yi."

"To, mai rakiya ma ai ba a barin sa a sanyi."

Ya tsaya a bakin ƙofar cibiyar. Na ga ya dubi dokin ƙofar, ya dubi takalminsa. Daga can ciki wani shaho ya yi kuka. Ata ya ce bismillah ƙasa-ƙasa, ya tsallaka.

Ya bi ni har ɗakin ƙarshe. Boran na kan gungumenta, ta ba mu baya. Ya daɗe yana kallon ɗinkin, da yadda aka naɗe fiffiken a jikinta.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce," in ji Raushan apai.

"Hannunki na da kyau, 'yata." Ya sake duban fiffiken. "In ta tashi, daji?"

"Daji, Ata. Amma kai za ka zaɓi dutsen."

Na miƙa masa kwanon naman da na yanka, ya kawar da shi da bayan hannu. Ya zura hannu cikin ƙirjin rigarsa, ya zaro ƙunshin farin ƙyalle. Naman zomo ne, an yanka shi sirara, an jiƙa shi a ruwa har ya yi fari, yadda take so. Aikin da ke cin dare guda. Apa da ke bayana ta ce, "Rakiya," ta ja tsaki, tana goge ido da gefen mayafi.

Ta 'yar tagar ɗakin ina hango Dauren. Bai shigo ba. Yana jingine da motarsa, hannuwa cikin aljihu, yana kallon ƙasa. Ata bai ambaci sunansa ba, bai janye ko kalma ɗaya daga abin da ya faɗa ranar Asabar ba. Amma a motarsa ya zo, kuma a motarsa zai koma.

Ata ya naɗe hannun riga. Ba safar fata, ba komai, hannu tsirara. Ya ɗauki yanka ɗaya, ya durƙusa a kan gwiwar da ke damunsa, ya buɗe baki ya yi kiran nan da na tashi da jin sa tun ina yarinya. Muryarsa ta karye a tsakiya. Ya gyara maƙogwaro, ya sake.

Boran ta juyo.